Ranar da Maharazu Ya Tare Jirgin Ƙasa a Bakin Hanya

Duk Gangara babu wanda bai san Maharazu ya taɓa shiga jirgin ƙasa ba, domin babu wanda Maharazu ya ƙyale bai ba shi labarin ba. Shekara tara ke nan da yin abin, lokacin da ya je cin rani Najeriya, amma tafiyar kullum ƙara tsawo take yi. Da farko daga Kano zuwa Zariya ce. Bayan damina biyu ta kai Kaduna. Bana kuwa, in ka zauna teburin mai shayi ranar kasuwa, za ka ji har direban jirgin ya kira shi gaba ya tambaye shi hanya.

Saliha mai ɗinki ta san rabin labarin ƙarya ne, ɗaya rabin kuma ƙari. Sai dai ta san wani abu da ƴan teburin shayi ba su sani ba. Bara kekenta na ɗinki ya tsaya, Maharazu ya ce shi da keke kamar tare aka haife su. Ya kwance shi ya mayar, ƙusa huɗu suka yi saura, keken da dā yake tari ya mutu gaba ɗaya. Washegari ya ɗaure shi a bayan babur ya kai Gazawa, ya sayar da rediyonsa ya biya mai gyara, ya dawo da shi ya ajiye a zaure bai ce uffan ba. Shi ne abu ɗaya tak da ya taɓa yi bai yi shelarsa ba. Tun daga ranar ta soma ɗinka masa hula, zare shuɗi a kan fari, wata biyu tana yi.

Matsalar ita ce Goggo Batulu, ƙanwar mahaifinta, wadda ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta.

“Wanga mutum,” in ji Goggo, “bakinsa ya fi rumbunsa girma. In magana za ki tuƙa ki ci, to ki aure shi.”

Ana nan sai waya ta zo daga Minna. Lurwanu, yayan Saliha kuma waliyyinta, wanda ke sayar da albasa a can, an haifa masa ɗa namiji bayan shekara takwas ana jira. Goggo ta rangaɗa guɗa har kaji suka watse. Dama tana da rago uda, gaba baƙi baya fari, wanda ta saya tun yana ƙarami a wurin Jaye Bafillace, tana ba shi harawa da dusa kamar ɗan da ta haifa. Ta rantse shi za a yanka ranar suna, ko da a ka za ta ɗauke shi. Sai dai abin da ke cikin lalitarta ba zai kai mutum biyu da rago Minna a mota ba.

Kafin la'asar Maharazu ya yi sallama a zaure, sabuwar hular da Saliha ta ɗinka masa a ka.

“Goggo, mi ya haɗa ku da mota? Jirgi za mu shiga daga Kano. Ki ba ni kuɗin tikiti, in kai ku, in maido miki da rabi.”

“Rabi?”

“Rabi. In direban da na sani ne, wataƙila ma fiye.”

Goggo ta dube shi sama da ƙasa, ta dubi Saliha da ke laɓe bayan zana tana yi kamar tsintar wake take.

“To ji nan,” ta ce. “Suna ranar Alhamis ne. In ka sauke ni da ragona ƙofar gidan Lurwanu kafin a raɗa suna, ni da bakina zan yi maka magana wurinsa. In ko ka kasa, ko inuwar zauren nan kada ka ƙara ratsawa.”

“Goggo, ki ɗauka an ɗaura.”

Wake ya zube daga faifan Saliha.

Ranar kasuwa Maharazu ya bayyana dabararsa a teburin mai shayi. Garzali, taubashinsa mai fataucin aya, shi ma jirgin zai shiga zuwa Kaduna, don haka shi ya fara tono.

“Direban jirgi, ta yaya za ka rage rabi? Tikiti ai ba a tayinsa.”

“Kai dai ka iya auna aya,” in ji Maharazu. “Bari in tambaye ka. In za ka Maraɗi, a tasha ka hau ko a bakin hanya, wane ya fi araha?”

“Bakin hanya.”

“Don mi?”

“Don babu kamasho.”

“Shi ke nan, ka ba kanka amsa! Jirgi mota ce, tsawo kawai ya fi ta. Duk wanda ya hau a tasha, ya biya kamasho, ya biya kuɗin benci, ya biya kuɗin mai busa usur. Ni kuwa zan fita bayan gari in tare shi. Abin da na ba direba, aljihunsa zai shiga. Wane direba ne ba ya son na cefane?”

“To wancan karon ina ka hau?”

“A tasha. Lokacin ban waye ba.”

Garzali ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi. Mai shayi ya ce shi dai bai taɓa ganin jirgi ba, amma maganar ta shiga kunnensa. Mutum uku suka goyi bayan Maharazu, biyu suka ce a bari a gani.

Ranar Litinin suka kama hanya. Abin haushi, dabarar ta yi aiki tun a karon farko. Maimakon tasha, Maharazu ya tsayar da su ƙarƙashin wata aduwa mai inuwa kamar rariya. Sun yi awa uku a rana, Goggo ta yi salati ya fi a ƙirga, amma daga ƙarshe wata akori-kura da ta nufi Ɗankama ta ɗauke su, aka rage musu jika guda. Maharazu ya ɗaga takardar kuɗin sama kamar tuta.

“Goggo, kin gani? Wanga somin taɓi ne.”

Saliha ta lura Goggo ta daina harararsa. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Suka kwana Kano gidan wata ƴar uwa. Jirgin sau ɗaya yake tashi a mako, ranar Talata. Da safe Maharazu ya kai su tashar jirgi, ba don su hau ba, sai don ya nuna musu yadda ake cutar bayin Allah. Ga mutane nan a layi gaban taga, har da Garzali da buhunansa.

“Ku dube su,” in ji Maharazu. “Kamar tumaki a bakin rijiya.”

“Sai mun haɗu a hanya, direban jirgi!” Garzali ya ƙwala masa. “Zan zauna kusa da taga don kada in rasa komai.”

Saliha ta ce za ta kewaya. Ta zagaya ta bayan layin mata, ta isa wata taga inda wata mata mai tabarau ke zaune.

“Yaya, don Allah tambaya nike. Jirgin nan yana tsayawa in an tsayar da shi a hanya?”

Matar ta sauke tabarau. “A hanya kamar yaya?”

“Kamar... in mutum ya ɗaga hannu.”

Matar ta kira abokiyar aikinta ta ce Saliha ta maimaita. Da suka gama dariya, mai tabarau ta ji tausayinta, ta gaya mata jirgi ba ya tsayawa sai a tasha. Ta ce akwai wata ƙaramar tasha bayan an fita gari, yakan ɗan jima a can ana loda kaya. Saliha ta daɗe a tagar nan fiye da yadda tambaya ɗaya ke bukata, kuma da ta dawo, ƙullin bakin zanenta ya sauya kama.

Ta ja Maharazu gefe. “Malam Maharazu, an ce mini ba ya tsayawa.”

“Wa ya ce?”

“Mai sayar da tikiti.”

“To mi kike so ta ce? Kin taɓa jin ɗan kamasho ya ce ki je bakin hanya?”

Ta buɗe baki, ta ga Goggo ta kasa kunne, ta rufe. In ta ƙaryata shi a gaban Goggo, magana ta ƙare tun a nan. Sai ta ce, “To mu je kusa da ƙaramar tashar da ke gaba. An ce akwai inuwa.”

Suka ɗauki a-daidaita-sahu, su uku da rago, kuɗin da mai keken ya karɓa ya kusa na tikiti guda. Da suka hango rufin ƙaramar tashar, Maharazu ya daka wa mai keken tsawa ya juya.

“Kusa da tasha? Haba Saliha! Wane direba ne zai ɗauki fasinja a gaban idon ƴan kamasho, su ci shi tara? Sai inda ba su hangen mu.”

Ya sa aka koma da su baya, bayan wata kwana, inda hanyar ƙauye ta ratsa layin dogo. A wurin akwai mata sun jera kwandunan tumatir suna jiran motocin kasuwa, da wani tsoho a ƙarƙashin mangwaro yana saƙar igiya.

Maharazu ya shiga tsara mutanensa. Rago a gaba, don direba ya ga akwai kuɗin kaya. Ya ɗaura igiyar ragon a wuyan hannunsa don yatsunsa su sami sakewa. Goggo kuwa ya shimfiɗa mata tabarma ya ce ta juya wa dogo baya.

“Don mi zan juya baya?”

“In direba ya ga kin ƙagu, zai tsawwala. Ki yi kamar ba tafiya za ki ba. Ki ci goro.”

Tsohon ya ajiye igiyarsa. “Samari, me kuke jira a nan?”

“Jirgi, Baba.”

“Tasha tana gaba.”

“Mun sani. Mu a nan za mu hau.”

Tsohon ya dube shi, ya dubi ragon, ya dubi bayan Goggo. “Daga ina kuke?”

“Gangara, ƙasar Nijar.”

“Akwai jirgi a can?”

“Ana kan kawo mana.”

“To shi ya sa,” in ji tsohon. Ya ɗaga murya: “Ke Tabawa, ku bar tumatir ku zo ku ga ikon Allah! Amma samari, ka tsaya nesa da ƙarfen nan, ba a wasa da shi.”

Kafin rabin awa an cika wurin. Masu tumatir, masu babur, wani mai rake har ya sauke kayansa ya fara ciniki. Maharazu ya ɗauka girmamawa ce, sai ya shiga koya musu sana'a: yatsa uku sama, mutum uku ke nan, a nuna rago, sannan a kaɗa tafin hannu ƙasa-ƙasa, alamar a rage kuɗi.

“In ya ce bai yarda ba fa?” wata mai tumatir ta tambaya.

“Sai in juya kamar na fasa. Da kansa zai yi ribas.”

Saliha ta ja gyale ta rufe rabin fuskarta.

Can sai ƙasa ta fara rawa. Jirgi ya ɓullo daga kwana, ya fi duk yadda Maharazu ke ba da labarinsa girma, abin da ba a taɓa samu ba a tarihin labaran Maharazu. Ya gyara babbar riga, ya ɗaga yatsa uku. Ya nuna rago. Ya kaɗa hannu ƙasa-ƙasa.

Direba ya ga taro kusa da dogo, ya danna ƙaho.

Ragon Goggo, wanda tunda aka haife shi bai ji abin da ya fi kukan jaki ƙara ba, ya yi tsalle ɗaya ya nufi gabas. Hannun Maharazu ya bi shi, Maharazu ya bi hannunsa. Kwandon farko da ƙafa ya shige shi, na biyu da gwiwa, na uku da gemu. Mata suka sa ihu. Shi kuwa ko a cikin tumatir bai sauke ɗaya hannun ba, yatsa uku na nan a sama.

“Direba! Mutum uku ne da rago! To nawa za ka rage? Tsaya mu yi magana mana!”

Tarago na wucewa, kowace taga cike da kawuna. A ta shida ga Garzali, rabin jikinsa a waje, waya a hannu tana ɗauka.

“Direban jirgi! Ya ce albarka! Ka ƙara taya!”

Goggo na zaune, baya ga dogo, tana tauna goro. “Saliha, ya tsaya? In juyo?”

“Juyo, Goggo.”

Ta juyo daidai lokacin da wutsiyar jirgin ke shigewa bayan itatuwa. Ta dubi dogo wayam. Ta dubi wanda ke neman auren ɗiyarta yana tasowa daga cikin kwando, jajir tun daga gemu har idon sawu.

“Yanzu ne zai yi ribas ɗin?” in ji ta, a hankali.

Masu tumatir ba su jira amsa ba, suka kewaye shi. Ya zazzage abin da ya rage na kuɗin Goggo, suka ce ko kwando biyu bai biya ba. Ya cire agogo. Suka ce saura. Tabawa, shugabarsu, ta ƙyalla ido ta ga hular da ke kansa, wadda ko ɗigon tumatir bai taɓa ba, domin duk faɗuwar da ya yi da kai sama ya yi ta.

“Kawo hular nan, mu rabu lafiya. Aikinta mai kyau ne.”

Maharazu ya dafe kansa da hannu biyu. A karo na farko tun fitowarsu daga Gangara, muryarsa ta yi ƙasa.

“Wagga ba ta bayarwa ba ce.”

Ya tuɓe babbar rigar da ya ɗinka musamman don gaida Lurwanu, ya miƙa. Ya haɗa da takalma. Ya tsaya daga shi sai ƴar shara da wando da hula.

Saliha ba ta ɓata lokaci ba. Ta tafa hannu ta kira masu babur uku.

“Tashar gaba! Yana tsayawa a can. Ku yi sauri!”

Goggo a babur ɗaya tana salati, Saliha a ɗaya, Maharazu a na uku rungume da rago, ƙafafun ragon huɗu suna kallon sama. Sauran masu babur suka bi su kyauta don kada a ba su labari. Haka suka shiga ƙaramar tashar kamar ƴan rakiyar amarya, suka tarar da jirgi tsaye ana loda masa buhuna.

Maharazu ya diro, ya dubi jirgi, ya dubi jama'a, sai ga ƙirjinsa ya soma tasowa.

“Kun gani? Ya tsaya! Birki ne bai kama da wuri ba. Dama na san ya gan ni.”

Wani ma'aikaci mai usur ya tare ƙofa. “Tikiti.”

“Yallaɓai, mu na hanya ne. Kira mini direba, mun riga mun fara magana.”

“Tikiti, malam, ko ka matsa.”

Fasinjoji suka leƙo ta tagogi, Garzali ya sake ɗaga waya. Maharazu ya laluba aljihun wando, babu komai sai ƴaƴan tumatir. Ya dubi Goggo, Goggo ta ɗauke kai. Ya dubi ƙasa. Mai usur ya kai usur baki.

Saliha ta kwance bakin zanenta. Kuɗin huluna goma sha ɗaya ne a wurin da safe, waɗanda take tarawa don sayen sabon keke. Yanzu takardu ne a naɗe. Ta miƙa ba tare da ta dubi kowa ba.

Mai usur ya ƙirga. “Mutum uku, da takardar rago. Ku kai shi taragon kaya. Ku hau, za mu tashi.”

Sai da jirgi ya ɗauki hanya, Maharazu na can taragon kaya yana ɗaure rago, Goggo ta yi magana.

“Uku kika saya.”

“E, Goggo.”

“Tun da safe. Kin san abin da zai yi, kin san ba zai ji magana ba, kuma kika saya har da nasa.”

Saliha ta dubi gonakin da ke gudu a taga. “Bai ba da hular ba, Goggo.”

“Na gani. Ba makauniya ba ce ni.” Goggo ta ɓare goro, ta daɗe tana tauna. “Wawa ne, Saliha.”

“Na sani.”

“To tunda kin sani, da sauƙi. Wadda ba ta sani ba ita ake ji wa tsoro.”

Suka isa Minna da kwana guda a hannu. Aka yanka uda ranar Alhamis, Maharazu ya gaida Lurwanu cikin aron riga wadda hannunta bai kai masa gwiwar hannu ba. Goggo ta cika alkawari, amma da sharaɗi ɗaya, kuma a gaban shaidu ta faɗe shi: duk tafiyar da ta wuce Gazawa, lalita a hannun Saliha za ta zauna.

Hoton da Garzali ya ɗauka a waya kuwa ya riga su komawa gida. Kafin su sauka Gangara an kalle shi a Agiye, an kalle shi a Gidan Rumji, har Jaye ya tura a tambaya ko ragon ya ji ciwo. Ranar kasuwa teburin mai shayi ya cika maƙil, kowa na jiran ya ga da wace fuska Maharazu zai fito.

Ya fito da fuskarsa ta kullum, hula a karkace. Ya zauna, ya ce a haɗa masa mai madara.

“Direban jirgi,” in ji Garzali, “ba mu labarin ragi.”

“Kai nawa ka biya zuwa Kaduna?”

Garzali ya faɗa.

“To ni har Minna na je, na wuce ka nesa. Ka rantse da Allah, ka ga na ba mai tikiti ko dala?”

Garzali ya ɗauki kofinsa ya kurɓi shayi.

Saliha na wucewa da ƙwaryar gero a ka, ta ji shi sarai. Ba ta tsaya ba, ba ta juya ba. Ta dai ja gyale ta rufe bakinta, ta ƙara sauri, domin akwai huluna goma sha ɗaya da ke jiran allura kafin ranar ɗaurin aure.